Tambaya da Amsa: Da siffar kai ake gane maciji mai dafi?

Tambaya: Wani manomi daga wajen Keita, jihar Tawa, ya aiko da cewa: "Gonarmu tana gindin dutse, mun jera duwatsu don tare ruwan sama. Da kaka in muna kwashe damman hatsi, muna yawan cin karo da macizai. An ce mana mai faɗin kai kamar bakin mashi shi ke da dafi, mai siririn kai kuwa ba ya komai. Ina so in koya wa ƴaƴana abin da yake daidai. Gaskiya ne?"

Amsa: Sannu da aiki, Malam, Allah ya sa albarka a gona. Don Allah kada ka koya wa yara wannan magana, domin rabinta ne kawai gaskiya, kuma rabin da ya saura yana iya cin rai. Kasa da kububuwa suna da faɗin kai, haka ne. Amma kumurci da gamsheƙa kansu mulmulalle ne, sai sun fusata suke fasa shi. Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ke zama cikin ƙasa, yana fitowa da dare bayan ruwa. Kansa da wuyansa duk ɗaya ne, ka ce ba ya cutar kowa, alhali haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa, ko a wuya ka riƙe shi sai ya soke ka a yatsa. Haka zancen da ake yi cewa da siffar ƙwayar ido ake gane mai dafi: wanda ya matsa har yana duban idon maciji ya riga ya shiga inda bai kamata ba.

Wani bincike da masana biyu, Trape da Mané, suka wallafa a 2015 ya lissafa irin macizai 51 a Nijar. Mafi yawansu ba sa kisa, ɓeraye ma suke rage mana a rumbu. Waɗanda ya kamata yaro ya sani tun daga nesa ba su da yawa.

Kububuwa ce ta fi damuna da gonarka, domin jerin duwatsun nan gidanta ne: ga inuwa da rana, ga ƙadangaru da ɓeraye da dare. Gajeruwa ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da ɗan ƙari, launinta na ƙasa da tsakuwa, da ɗigo-ɗigon fari-fari a gadon baya. Ido yakan wuce ta, kunne ne ke kama ta. In ta ji motsi sai ta naɗe jiki kamar gammo, tana goga fatarta mai kaushi da juna, sai ka ji ƙara kamar an yayyafa ruwa cikin mai mai zafi. Na taɓa jin wannan ƙara wata safiya da muka ɗaga damin hatsi da ya kwana a ƙasa. Na fi minti ɗaya ina duban wurin ban ga komai ba, sai da ta sake motsi na gane abin da na ɗauka tsakuwa ce ita ce, taku biyu daga ƙafata. Ku koya wa yara cewa wanda ya ji wannan ƙara ya tsaya cak, ya gano inda take fitowa, sannan ya ja da baya a hankali.

Ba banza aka sa mata suna gobe-da-nisa ba. Saranta yana da yaudara. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, amma mutum yana tafiya, yana magana, har a ce ai da sauƙi, a bar shi gida. Alhali dafin ya hana jininsa daskarewa. Bayan wasu awoyi, ko washegari, sai dasashi ya fara jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani ma jinin a cikin kai yake zuba. A likita akan ɗebi jini kaɗan a zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafin ya shiga jiki, sai makarin dafi.

Akwai wani maciji mai haɗiyar ƙwan tsuntsaye da ke kwaikwayon kububuwa, har gogar jikin da ƙarar, ga shi kuwa ba shi da dafi ko kaɗan. Ya fi ta siranta da ƙaramin kai. Ina jin tausayinsa, don ana kashe shi a kan laifin wata. Duk da haka, shawarata ita ce duk wanda ya yi wannan ƙara a ɗauke shi kububuwa, a ba shi hanya. Can arewa wajen Abalak da Cintabaraden, inda rairayi ya yi yawa, akwai ƴar'uwarta da ke binne kanta sai idanu a waje, wasu da ƙaho biyu a saman ido, tana tafiya a karkace. Makiyaya sun san sawunta.

Kasa ba ta ɓoyuwa ga wanda ya taɓa ganinta sau ɗaya: kauri kamar dantsen ƙato, ɗan guntun wutsiya, zane a baya kamar kan kibiya a jere, kuma sau da yawa a miƙe take jan ciki, ba lanƙwasa. Mutane na yi mata kirarin barci, amma ba barci take ba, kwanton ɓauna ne. Ba ta gudu, shi ya sa ake taka ta. In ka ji huci mai ƙarfi cikin ciyawa ko ƙarƙashin kara, ita ce, kuma saurin kai saranta ya wuce yadda jikinta ke nunawa.

Kumurci da gamsheƙa kuwa, sunayen sukan sauya daga gari zuwa gari, don haka ka dubi hali. Dogaye ne, suna bin akurkin kaji da bakin fadama saboda ƙwai da kwaɗi, irin lambunan albasa na kwarin Magiya. Baƙin nan mai ɗan ja-ja a maƙogwaro yana tofa dafi, ido yake nufa, kuma yana kaiwa mita 2. In ya samu ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana zubawa, kada a murza, sannan a tafi likita. Saran wadda ba ta tofi ya fi gaggawa: fatar ido ta fara nauyi, haɗiyar yawu ta gagara, daga nan numfashi. Shi kuwa siririn macijin nan mai ratsi da ke wucewa fuu da tsakar rana, wanda ake ce wa tsadaraki, gudunka yake yi, ka bar shi ya wuce.

A gona, a ture dami da doguwar sanda kafin a sa hannu, kada yaro ya cusa yatsu cikin jerin duwatsu ko ramin gara, a sa takalmi mai rufe idon sawu, a riƙe tocila da dare ko zagayawa za a yi. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Hoto da salula daga nesa ya isa, in ma bai samu ba alamun jiki za su nuna wa likita. Kan da aka sare ma yana iya cizo. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da munduwa tun kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a mota ko amalanke maimakon ya taka da ƙafarsa. Tun yanzu, kafin girbi, ka je likitar da ta fi kusa da ku ka tambaya ina ake samun makarin dafi, ka kuma ajiye lambar mai motar da zai iya tashi da tsakar dare.