Ga ƙanenmu matuƙi: kada shafin albashi ya yanke maka hukunci

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya ina otal, gajiya ce ta hana ni amsawa. Ka ce shekararka biyu kana mataimakin kyaftin a wani kamfani a nan Amurka, ƙungiyarku ta matuƙa ta kawo daftarin sabuwar yarjejeniyar aiki da kamfani, an buɗe ƙuri'a, ƙarin albashin da ke ciki ya burge ka, amma wasu manya suna ta cewa a yi watsi da shi. Kana so ka san ko eh za ka danna ko a'a.

Ƙuri'a taka ce, ba zan zaɓar maka ba. Amma tun da na bar makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya na zo ƙasar nan, na jefa irin wannan ƙuri'a sau da dama, kuma akwai wadda har yau in na tuna ta sai na ciji yatsa. Kafin in ci gaba, ka san da wa kake magana: saura mini 'yan shekaru in kai 65, shekarun da doka ta ce matuƙin jirgin fasinja ya ajiye aiki. Ni kuɗin hannu na yau ya fi mini amfani. Kai kuwa shekara talatin ce a gabanka. Haka ma kowane kyaftin da zai ba ka shawara a cikin jirgi, fara tambayar kanka shekara nawa ta rage masa, sannan ka auna maganarsa.

Mu fara da abin da ya burge ka. Ka ɗauki Delta, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen sama na nan, wadda matuƙanta suka amince da yarjejeniyarsu a watan Maris na 2023 da ƙuri'a kashi 78 cikin ɗari. Jaridu suka yi ta buga ƙarin kashi 34. Gaskiya ne, amma ga yadda aka jera shi: 18 a ranar sa hannu, sai 5, sai 4, sai 4, ana ɗora wani kan wani har ya kai 34. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsohuwar yarjejeniyarsu ta kai lokacin gyara tun ƙarshen 2019. Shekara uku suka yi ba ƙari, a cikinsu har hauhawar farashi a Amurka ta haura kashi 9 a tsakiyar 2022. Saboda haka wancan 18 na farko, kaso mai yawa daga cikinsa cike rami ne, ba ci gaba ba. To kai ma ɗauko biro. Yaushe aka yi muku ƙari na ƙarshe? Raba abin da aka ba ku a kan duk shekarun, waɗanda suka wuce ba ƙari da waɗanda ke tafe. Sannan ka duba kuɗin ariyas: cikakken bambancin albashi ne na shekarun da aka ɓata, ko wani dunƙulallen abu ne da aka jefo don a ja ƙuri'a? In kamfani bai biya cikakken ariyas ba, ka koya masa cewa jan ƙafa riba ce, kuma gaba ma haka zai yi.

Amma ko wannan ba shi ne babban abin ba. Albashi shi ne abin da kamfani ya fi saurin bayarwa, domin ya san shi kowa ke kallo, kuma in an yi kuskure a kai ana iya gyarawa a zagaye na gaba. Abin da in ya tafi da wuya ya dawo yana can cikin shafukan da mutane ke tsallakewa.

Na farkonsu sashen da muke kira sikof. Ni shingen gona nake ce masa, don shi ne ke faɗin wane aiki ne dole matuƙan da ke cikin jerin ma'aikatan kamfaninku su yi, wane ne kamfani zai iya ba wa 'yan kwangila. A manyan kamfanoni uku na ƙasar nan, wato American da Delta da United, ƙananan kamfanonin da ke yi musu jigila da sunansu ba za su wuce jirgi mai kujera 76 ba, kuma an ƙayyade nauyinsa da adadin jiragen. Wannan iyakar ba dokar gwamnati ba ce, matuƙa ne suka rubuta ta a yarjejeniya. Duk kujerar da aka ƙara a nan, duk jirgin da aka ƙara, aikin wani ne ya fita daga gidanku. Haka a ɗaya gefen: haɗin gwiwa da kamfanonin ƙasashen waje. In aka bar abokin hulɗa ya ɗebi tafiye-tafiyen ƙetare teku, manyan jiragen da suka fi biyan kuɗi sun tafi ke nan. Ni wannan ba zai taɓa ni ba, na riga na zauna a kujerar hagu, wato ta kyaftin. Kai zai taɓa. Ƙarin kashi 30 a albashin mataimaki ba zai cike maka asarar shekara huɗu ko biyar da za ka ƙara kana jiran zama kyaftin ba.

Ka san yadda lambar siniya, wato matsayinka a jerin matuƙan kamfani bisa ranar da aka ɗauke ka aiki, take a wannan sana'a. Ita ke ba ka jirgi, ita ke ba ka gari, ita ke ba ka hutu, kuma in ka koma wani kamfani daga ƙasa za ka sake farawa ko da ka shekara ashirin kana tuƙi. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ina cikin waɗanda aka sallama na wucin gadi, domin daga ƙasan jeri ake yanka. A lokacin na gane amfanin sakin layin da ban taɓa karantawa ba: wata nawa za a biya ka, inshorar lafiyar iyali za ta ci gaba ko za ta tsaya, shekara nawa haƙƙinka na a dawo da kai zai rayu, kuma ko kamfani na da ikon ba 'yan kwangila aiki alhali kai kana gida. Yau kasuwa na neman matuƙa, ba mai son jin wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga wadda ta cije ni. Akwai shekarar da aka kawo mana daftari a wani kamfani da na yi wa aiki. Na duba teburin albashi, na ga lambata, na danna eh a daren. Ina cikin 'yan ko-ta-kwana a lokacin, waɗanda ba su da jadawali tsayayye, sai dai su zauna kusa da waya. A sashen ko-ta-kwana an canza kalmomi kaɗan. Inda a da aka ce kamfani ba zai shiga ranar hutunka ba, sai aka mayar da shi kamfani zai yi iya ƙoƙarinsa kada ya shiga. Ban lura ba. Bayan 'yan watanni matata ta haihu, na tsara komai yadda zan dawo gida kwana ɗaya kafin suna, 'yan'uwa sun taho daga wasu jihohi, an sayi rago. Ina sauka daga tafiyar ƙarshe masu tsara jadawali suka kira, suka ɗora mini wata ta kwana biyu. Na kira wakilin ƙungiya raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya karanta mini sakin layin, ya ce ai kai ma ka amince da shi. Ta waya na ji an raɗa wa 'yata suna, ina zaune a wani ɗakin otal.

Tun daga ranar, duk inda na ga "zai yi ƙoƙari" ko "in hali ya yi" ko "sai dai in buƙatar aiki ta taso" sai na ja layi a ƙarƙashinsa. Lauyoyin kamfani ba sa rubuta kalma a banza. Kada kuma wani ya ce maka ai doka ta kare ka. Dokar hutu da ta fara aiki a 2014 ta ba ka awa 10 kafin ka shiga aiki, ta hana ka wuce awa 1,000 na tashi a shekara. Wannan ƙasan rijiya ne, wato mafi ƙarancin kariya, don kada ka yi barci a kan sitiyari. Ba ruwan doka da ko za ka yi Sallah da iyalinka. Yarjejeniya ce kaɗai ke ba ka wannan. Duba tsawon lokacin da ake ba ka tsakanin kira da isa filin jirgi, musamman in a wani gari kake zaune kana shiga jirgi zuwa wurin aiki. Duba mafi ƙarancin awannin da za a biya ka a yini, tunda mu ana fara ƙirga mana kuɗi ne daga lokacin da jirgi ya bar ƙofa, kuma za ka iya shafe awa goma sha biyu cikin kaki a biya ka huɗu. Duba kuma ranar da kowace sabuwar ƙa'ida za ta fara aiki. Sau da yawa albashi na zuwa nan take, gyaran jadawali kuwa a ce sai an gama gyara kwamfuta, shekara ta wuce ana jira.

Fansho ba zan daɗe a kai ba. US Airways a 2003, United a 2005, Delta a 2006, duk an rushe tsohon tsarin fanshon matuƙansu a kotun fatarar kuɗi, hukumar gwamnati mai lamunin fansho ta karɓa da iyakarta, dattijai da yawa suka tashi da abin da bai kai alkawarin da aka yi musu ba. Shi ya sa yanzu ake dagewa kan kuɗin da kamfani ke zubawa kai tsaye cikin asusunka na ritaya, wanda a yarjejeniyar Delta ya tashi daga kashi 16 zuwa 18. Abin da ya shiga asusu da sunanka naka ne. Alkawari kuwa sai kamfani na raye.

Saura masu cewa a ƙi. Wani lokaci suna da gaskiya. A 2015 matuƙan Delta sun ƙi daftari da kusan kashi 65, suka samu wanda ya fi shi a ƙarshen 2016. A Nuwamban 2022 matuƙan United suka yi fatali da wanda ya ba su ƙasa da kashi 15, da ƙuri'a kashi 94, kuma kafin shekara ta zagayo suka sa hannu a kan wanda ya kai kashi 40, mai darajar kusan dala biliyan 10. Ganin sabon daftarin United, American ma ta koma ta ƙara wa nata tayin kafin matuƙanta su amince a watan Agustan 2023. Wannan labarin ne manyanku ke tunawa.

Ga wanda ba sa tunawa. A watan Yulin 2023 matuƙan FedEx, kamfanin jigilar kaya, suka ƙi daftarin da ya ba su har kashi 30, da ƙuri'a kashi 57. Shekara biyu bayan nan suna nan a kan tsohon albashi. Bambancin ba jarumta ba ce, kasuwa ce. Na United sun ƙi ne lokacin da fasinja ya dawo bayan korona, kamfanoni na fafutukar neman matuƙa. Na FedEx sun ƙi ne lokacin da jigilar kaya ta ja baya. Ka kuma lura da ƙuri'ar kanta: 94 tana gaya wa kamfani cewa gidan a haɗe yake, 57 kuwa tana nuna masa inda bango ya tsage.

Kada ka ɗauka a'a tana nufin gobe yajin aiki. A ƙasar nan muna ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta ta haɗa da jiragen sama a 1936. Yarjejeniyarmu ba ta mutuwa, lokacin gyara kawai take kaiwa, tsohuwar ta ci gaba da aiki. Kafin a yi yaji sai hukumar sulhu ta tarayya ta shiga tsakani, sai ita da kanta ta yarda magana ta ƙi ci, sannan a jira kwana 30, kuma shugaban ƙasa na iya kafa kwamitin gaggawa ya ƙara wasu kwana 60. A 1997 matuƙan American sun shiga yaji, cikin 'yan mintoci Shugaba Clinton ya dakatar da shi. Na matuƙan kamfanin Spirit a 2010 kwana biyar ya yi. Ga 'yan'uwanmu da ke aiki a gida Najeriya ƙarƙashin NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, dokarku daban ce, kada ku ɗauki wannan lissafin ku ɗora a kanku. Amma kai da ke nan, a'a na nufin komawa teburi, wataƙila wata shida, wataƙila shekara biyu, kana karɓar tsohon albashi.

Don haka in wani ya ce maka a ƙi, tambaye shi abu biyu: wane sashe ne takamaimai yake so a gyara, kuma me zai tilasta wa kamfani ya gyara shi? In amsarsa ita ce mun cancanci fiye da haka, ka gode masa ka wuce. In ya buɗe maka shafi ya nuna maka layi, zauna ka saurare shi. Haka ma 'yan kwamitin tattaunawa in sun zo zagayen bayani. Mutanen kirki ne, matuƙa ne irinmu, amma sun shekara suna dafa abin, ba za su ce maka bai ji gishiri ba. Kada ka tambaye su me aka samo, wannan yana cikin takardar taƙaitawa. Tambaye su me aka bayar kafin a samo shi.

Abin da nake yi yanzu kafin kowace ƙuri'a shi ne in ɗauko jadawalina na wata uku da suka wuce, in haɗa da mafi muni a cikinsu, in sake lissafa kuɗi da kwanakin hutu da sababbin ƙa'idoji. Ina karanta cikakken rubutun, ba taƙaitawar ba, ina farawa daga sikof, sai ko-ta-kwana, sai sallama, teburin albashi a ƙarshe. In shingen na nan daram, rayuwar ko-ta-kwana ba ta ƙara muni ba, ariyas ya yi kusa da cika, to ko albashin bai kai burina ba ina danna eh. In an taɓa shingen, ko nawa aka ɗora a shafin farko a'a ce tawa.

Kana da sauran kwanaki kafin a rufe. Ka ba uwargida sashen jadawali ita ma ta karanta, ita ce za ta zauna da sakamakonsa fiye da kai. In ka ci karo da wani sakin layi da ya ɗaure maka kai, ka kawo shi nan mu duba tare, ina gida har ranar Alhamis.