Tambayi Likita: Ƙirƙirarriyar basira na iya gano ciwon damuwa a shafin ɗalibi?

Tambaya: Likita, wai da gaske kwamfuta na iya gane ɗalibi yana da ciwon damuwa daga rubutunsa na Facebook? (Wani malamin sakandare, Zariya)

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya. Ana ɗura wa manhaja rubuce-rubucen waɗanda likita ya tabbatar suna da ciwon da na masu lafiya, ta koyi bambancinsu: yawan faɗin "ni", kalmomin kaɗaici da kuka, da wallafa rubutu tsakar dare. A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun duba shafukan marasa lafiya 683, suka ga alamar tana fitowa kusan wata uku kafin a rubuta ciwon a katin asibiti. Amma hasashe ne, kuma ga inda gizo ke saƙar. A ƙaddara makarantarka na da ɗalibai 1,000, kuma 100 na da ciwon. Manhajar da ke dacewa sau 80 cikin 100 za ta kama 80, ta bar 20, sannan ta ɗora wa lafiyayyu 180 ciwon da ba su da shi. Wa zai zauna da yara 260 ya tantance su? In babu shi, kar a fara.

Tambaya: Tana fahimtar Hausa? (Wata ɗalibar jami'a, Kano)

Amsa: Da ƙyar, 'yata. Akasarin manhajojin da Turancin Amurka aka horar da su, kuma ko a can wani bincike na 2024 ya nuna ba sa aiki sosai a kan rubutun baƙar fata. Balle mu, da mai damuwa zai ce "ƙirjina ya yi nauyi" ko "kaina na zafi", ko ya rubuta "Alhamdulillahi" alhali kwana yake yana kuka. Wanda ya yi shiru ya daina rubutu, shi ne na fi tsoro, kuma shi manhaja ba ta gani.

Tambaya: Makarantar ɗana na so ta riƙa bibiyar shafukan yara. In yarda? (Wata uwa, Kaduna)

Amsa: Hajiya, kafin ki sa hannu ki tambaya: wa zai ga bayanan, har yaushe za a ajiye su, kuma me za a yi wa yaron da aka gano? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa lafiya cikin bayanai masu tsauri, kuma ga yaro sai da yardar iyaye. In horo ko kora za a yi da su, ki ƙi. Shi ma yaron a sanar da shi, don in ya gano ana leƙensa a ɓoye, wani shafin zai buɗe.

Tambaya: To da me likitoci ke tantancewa? (Wani ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Da hira, da takardar PHQ-9 mai tambayoyi tara kan mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, rashin jin daɗin komai, da sauransu. Maki daga 0 ne zuwa 27. Daga 10 a ga likita. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce, ita ko maki ɗaya ba a ɗaga mata ƙafa. In abokinka ya rubuta kalaman ban kwana, kira shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Kar a bar shi shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da magunguna daga ɗakin, a kai shi asibiti mafi kusa ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, jihar Sakkwato, a ranar.