Tambayi Likita: Baba na ji amma magana ta ki fita

Tambaya: Salam likita, mahaifinmu ne ya samu shanyewar barin jiki wata biyu kenan, bangaren dama. Yanzu alhamdulillah yana dan takawa da sanda amma magana ce babu, in yana son ruwa sai yayi ta cewa "to, to, to" har ranshi ya baci yayi hawaye. Abinda ke daure mana kai in an tada sallah yana karanta Fatiha tsaf, shi yasa wasu ke cewa daure mai baki akayi. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. Ba wanda ya daure mai baki. Barin kwakwalwa na hagu shi ke juya bangaren dama na jiki, kuma a wajen mafi yawan mutane nan ne ma'ajiyar magana take, to in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a wajen sai hannu da kafar dama da magana su tafi tare. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya nuna haka a kan wani majinyaci da ba abinda yake iya fada sai "tan", bayan rasuwarsa aka duba aka ga tabon a gaban kwakwalwa ta hagu. Ita kuma Fatiha ai haddace take tun yarinta kuma da rerawa ake yinta, irin wannan karatun da kirga daya biyu uku ba hanyarsu daya da hada sabuwar magana ba, shi yasa sukan tsira, kuma mu abin murna ne a wajenmu don da su ake fara gyara.

Hankalin Baba na nan, ya san abinda yake so kalmar ce ke kubuce mai, don Allah a daina maganarsa a gabansa kamar baya dakin, kuma kar a rika daga mai murya ba kurma bane. A kashe rediyo, mutum daya ya zauna gabansa, tambaya gajera wadda amsarta eh ko a'a ce. Ki dauko kofi ki nuna mai kice "ko..." ki yi shiru ki bashi lokaci ya karasa, kar ki yi saurin karasa mai ko da kin ga yana wahala. Minti goma sha biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda da zai gajiyar dashi. Watanni uku zuwa shida na farko nan sauki ya fi gudu, amma ana ci gaba da samu har bayan shekara. Tunda asibitin koyarwa na Shika na kusa daku ku koma wajen likitansa ya hada ku da 'yan fiziyo, wato masu motsa gabobin jiki, da masu koyar da magana. In yana kwarewa ko tari lokacin shan ruwa ku fada da wuri, abinci kan zarce huhu ya kawo nimoniya. Maganin hawan jini kuma ba'a ajiye shi don an ga sauki, sakaci da shi na kara hadarin abin ya sake bugawa.

Tambaya: Likita kanina ne ya fadi a kan acaba sati uku da suka wuce ba hular kwano, ya dan suma ya farfado muka dawo gida. Tun lokacin sai ciwon kai da mantuwa, ga saurin fushi alhali da mai sanyin hali ne. Daga wani dan uwa a Gusau.

Amsa: Dan uwa duk wanda ya bugu a kai har ya suma ko na minti daya ne asibiti ya kamata ya wuce, don akwai zubar jini a cikin kokon kai da mutum zai mike garau yana hira, bayan 'yan awoyi ya fara barcin da ba'a iya tashinsa. Akwai kuma mai taruwa a hankali sai bayan makonni ya bayyana, ya fi kama tsofaffi. Ku kaishi a duba ko yana bukatar hoton kwakwalwa na siti sikan. In ciwon kan na karuwa, ko amai, ko jijjiga, ko barin jiki ya saki, ko ruwa fari na fita ta hanci ko kunne, kar ku jira gari ya waye. Fushin nan ba iskanci bane, gaban kwakwalwa shi ke rike da birkin hali kuma shi ya fi buguwa a hatsari. Ya samu barci isasshe, ya rage kallon waya, ya rika rubuta abinda zai yi a dan littafi, kuma kar ya hau babur sai likita ya sallame shi. Tiramol kuwa ko kusa, yana jawo jijjiga.

Tambaya: Yarinyata 'yar shekara uku tayi sankarau da zafin bana, ta warke amma ta daina magana, in an kirata ma bata juyowa.

Amsa: Hajiya kunne za'a fara dubawa kafin baki. Kusan daya cikin biyar na wadanda suka tashi daga sankarau mai tsanani yana bar musu wata illa, kurumta na kan gaba, kuma yaron da baya ji maganar da ya koya ma zubewa take. Ki kaita sashen kunne da hanci da makogwaro a yi gwajin ji cikin satin nan, jinkiri a nan yana rage abinda za'a iya yi mata.

Tambaya: Akwai maganin kara kaifin kwakwalwa? Jarabawar WAEC zan zana.

Amsa: Babu shi a kemis, masu tallarsa a mota da lasifika kudinka kawai suke so. Abinda ka karanta da rana a cikin barci yake zama, to ka samu awa takwas, ka karya kumallo kafin ka fita, in kana yawan jiri da kasala a auna maka jini.