Shafin da ya dace da daɓen gareji a Abha

Alhaji, ka tambayi irin shafin da zai daɗe a daɓen simintin garejinka da na ɗakin ƙasa a gidanka na Abha, a ƙasar Saudiyya, tun da fentin farko ya ɓare. A ganina, danshi ne ya ɓare shi. Abha na kan tsauni, tsayin da ya haura mita 2,000 sama da matakin teku, hazo da ruwan sama sun fi na Jidda yawa nesa ba kusa ba, kuma ɗakin da ya jingina da gangaren dutse yakan sha danshi ta ƙasa.

Kafin ka sayi komai, ka shimfiɗa leda a kan daɓen, ka liƙe gefunanta da salatif, ka bar ta ta kwana. Idan ka ɗaga ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, ko simintin ya yi duhu, to dole a fara da shafin da ke tare danshi, in ba haka ba ifoksi, wato shafi mai tauri kamar roba da za a yi wa daɓen, zai kumbura ya yi ƙuraje. Sabon siminti kuwa sai ya cika kwana 28.

Daga nan a gurje daɓen da inji, a cike tsagogi, a shafa ifoksi, sannan a rufe shi da foliyuritan, wato wani shafi na sama mai jure rana, domin ifoksi kaɗai rana na mayar da shi ruwan ɗorawa a bakin ƙofa. Gurzar nan ita leburori suka fi ha'inta, alhali tayar mota mai zafi tana ɗaye duk shafin da bai kama ba. Kada a yi aikin cikin hunturu, domin ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius ifoksi ba ya bushewa da kyau. A barbaɗa ɗan yashi a shafin ƙarshe saboda santsi.