Layin MPLS ko SD-WAN?

Tambaya: Malam ina da shagunan magani 4, Kano, Kaduna da Zariya, netwok na yawan ɗaukewa POS ya tsaya cak, wanne zan saka?

Amsa: Alhaji ni dai SD-WAN zan ce maka. MPLS layi ne na kanka da kamfanin sadarwa zai ja maka, baya wasa kam amma akwai tsada, kuma sabon reshe sai ka jira makonni. Shi SD-WAN akwati ne kamar na kamfanin Fortinet ko Cisco da zaka haɗa masa layukan intanet irin su fayiba da 4G har Starlink (intanet ɗin tauraron ɗan adam), ɗaya ya faɗi ya koma ɗayan da kansa, har ka sa ya riƙa ba POS fifiko a kan WhatsApp ɗin yaran shago. Amma fa don Allah ka tanadi sola, wuta ta ɗauke akwatin ma ya mutu.