Dajin da itatuwansa suka zama dutse: amsa ga ɗan'uwa daga Gombe

Malam, ka ce za ka je Girka, kana tambaya ko da gaske itace na komawa dutse, kuma ko za ka iya zuwa da guntu tsaraba.

Da gaske ne. Wurin yana yammacin tsibirin Lesbos, kusa da ƙauyen Sigiri. Shekaru kusan miliyan 20 da suka wuce, dutse mai aman wuta ya binne dajin da toka. Ruwa mai ɗauke da sinadarin silika (wanda ake samu a yashi) ya riƙa ratsa itatuwan a hankali har ya maye gurbinsu. Ka duba kututture da kyau, za ka ga zoben shekarunsa da ɓawonsa, ja da ruwan ɗorawa, amma in ka ƙwanƙwasa dutse ne. Wasu ma suna tsaye da saiwoyinsu a inda suka tsiro. Wannan ya fi komai burge ni.

Tsaraba kuwa, don Allah ka bari. Doka ta hana ɗaukar ko ɗan ɓarɓashi.

Fara da gidan tarihi na Sigiri. Ka fita da sassafe da ruwa da hula, inuwa kaɗan ce.

In ka tsinci irin wannan itacen da ya zama dutse a gida, kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jihar Gombe su duba maka.