Amsar tambayarka kan karnukan nan Ingila

Ƙanina barka da war haka, ya su Inna, ya zafin Kano. Na saurari saƙonka har ƙarshe, wai ka ga bidiyo bature na yi wa kare magana yana zama yana tashi, shine kake tambaya ko mu ma Hausawan Landan haka muke, kuma wai da gaske a ɗaki ɗaya muke kwana da su. Ta biyun ba ta da wuya: a'a. Cikin mutanenmu da ƙyar ka shiga gida ka tarar da kare a falo, mutum yana ɗan matsattsen gida a hawa na uku, inda yake shimfiɗa darduma nan yara ke wasa, ina zai kai kare? 'Yan kaɗan da suka koma wajen gari suna da fili a bayan gida su ne ke ajiyewa, su ma a waje yake kwana.

Amma fa ba ka isa ka kauce musu ba, suna cikin bas suna cikin jirgin ƙasa, kuma da yawanmu tuƙin tasi da Uber muke yi. Dokar daidaito ta 2010 ta ce in makaho ya zo da karen da ke yi masa jagora dole ka ɗauke su tare, ba ƙarin kuɗi, in ka ƙi tara na iya kai fam 1,000 kuma lasin ɗinka na cikin haɗari, sai dai in kana da takardar uzuri ta rashin lafiya. Mu abin ya zo mana da ɗan sauƙi tunda Malikiyya muke, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. 'Yan'uwanmu Somaliyawa da ke bin Shafi'iyya su abin ya fi musu tsanani. Kuma wallahi in ka ga irin wannan karen mai yi wa makaho jagora sai ka yi shiru, ya shigo ya kwanta a ƙasa wajen ƙafar mai shi, ba haushi ba lashe-lashe har a sauka.

To yaya ake kai shi haka, wannan ce tambayarka ta gaskiya tunda na san ɗan kwikwiyon da ka ɗaure a zaure ne ke ba ka ciwon kai. Ba sanda. Dukan kare ma a nan laifi ne ƙarƙashin dokar kula da dabbobi ta 2006, a Wales, yankin da ke maƙwabtaka da Ingila, tun 2010 aka hana sa wa kare abin wuya mai jan lantarki. Abin da suke yi shine tukuici. Kana riƙe da 'yar tsokar nama ko gutsuren kaza dafaffe a hannu, ka kai kusa da hancinsa sai ka ɗaga sama kaɗan ta bayan kansa, da kansa zai ɗaga kai gindinsa ya sauka ƙasa, yana taɓa ƙasa ka ce "yauwa" ka ba shi. Nan take fa, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, don in ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe to miƙewar ka biya ba zaman ba. Shi ya sa wasu ke riƙe wata 'yar roba mai ƙara ƙas, su danna daidai lokacin da ya yi abin, naman ya biyo baya. Sai ya saba da motsin hannun tukuna kake haɗa kalmar "zauna". Minti biyar ya isa, a yi safe a yi yamma, ka tsaya tun bai gaji ba. In ya iya sai ka rage naman, wani lokaci shafa kai, wani lokaci wasa.

Inda gidajenmu ke ɓata lamarin shine baki ya yi yawa. Kai ka ce "zo", uwargida ta ce "taho nan", yara su yi fito, almajirin gidan ya jefe shi da takalmi, kare ya rasa wa zai bi. Shi ba Hausa yake ji ba balle Turanci, sauti yake riƙewa da abin da ya biyo bayan sautin. Ku zauna ku tsayar da kalma ɗaya ga kowane abu, kowa ya riƙe ta. Kuma kar ka taɓa kiransa ya zo sannan ka dake shi, ko da ya cinye takalminka ne, don abin da zai koya shine zuwa wajenka akwai wuya, gobe ka yi ta kira yana leƙenka daga nesa. In ka dawo ka tarar ya yi ɓarna tun da safe, faɗan yamma bai san na mene ne ba. Ka kwashe takalman, ka ba shi abin da ya halatta ya tauna. In yana yi wa mutane tsalle a jiki a juya masa baya, ƙafafunsa huɗu na sauka ƙasa a kula shi.

Na san za ka ce kai karen gadi kake so, wanda aka lallaɓa ai ba zai yi zafi ba. Ni a ganina karen da ya sha duka da ɗauri dare da rana matsoraci ne, matsoraci kuma shi ke cizon yaron maƙwabta. Haushin baƙo ba sai an koya masa ba, abin koyarwa shine ya yi shiru in ka ce ya isa. Kuma kar ka ɗauka ilimin turawa ne zalla, je ka kalli 'yan farautarmu yadda kare ke bin mai shi cikin daji ba igiya, ai don yana samun rabonsa ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbobin farauta da aka koyar.

Akwai abubuwansu da har yau ba su zauna min ba, kamar sa wa kare riga da bikin ranar haihuwarsa, kuma sai ka ga babban mutum da kwat ya sunkuya yana kwashe kashin kare da leda don in ya bari tara ce. Amma tun Afrilun 2016 dole kowane kare ya kasance da 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai nuna mai shi, wannan kam na yaba.

Kai abin da ya fi maka gaggawa ba zauna-tashi ba ne, allurar haukan kare ce, a nan cutar ba ta yawo a karnuka amma a gida tana kashe mutane. Kai shi asibitin dabbobi tun yanzu, a maimaita yadda likita ya ce. Kuma in za ka ba shi tukuici kar ka ba shi tsire da albasa, albasa na lalata musu jini, cakulan ma guba ce gare su. Ka gaishe min da Inna, ka turo hotonsa in gani.